Numfashina Yana Yankewa a Tsakiyar Darasi: Shin Huhuna Ne Ƙarami?

Assalamu alaikum Anti. Ni malamar firamare ce, shekaruna 29, ina koyar da 'yan aji uku, kuma yaran ajin sun haura 90. Damuwata ita ce numfashi ba ya kai ni ƙarshen magana. Sai in ɗauko bayani, kafin in dire jimla iska ta ƙare, in dinga matso sauran kalmomin da ƙyar, yaran baya ba sa ji. Kafin a fita tara muryata ta fara dishewa, wuyana da kafaɗuna suna ciwo, ran Alhamis kuwa sai dai nuni da hannu. A gida lafiyata ƙalau, ina wanki, ina ɗibar ruwa, ina tafiya mai nisa ba na haki, ba na tari. Wata abokiyar aikina ta ce huhuna ne ƙarami saboda ni gajera ce, wai in riƙa hura balan-balan kullum ya buɗe. Surukata kuma tana ba ni ɗanyen ƙwai da zuma. Maigidana ya ce in abin ya ƙi in ajiye aikin, ni kuwa ina son koyarwa, kuma albashin yana rufa mini asiri. Don Allah akwai yadda ake ƙara girman huhu? Ko dai haƙura zan yi?

Malamar aji uku, daga Kano

Wa alaikumus salam Malama. Sannu da ƙoƙari, Allah ya saka da alheri. Wanda bai taɓa tsayawa gaban yara 90 da alli a hannu ba ba zai gane nauyin da kike ɗauka ba.

Kada ki ajiye aikin nan tukuna, ƙanwata. Amsar tambayarki tana cikin wasiƙarki. Macen da take wanki, take ɗibar ruwa, take doguwar tafiya ba tare da haki ba, da wuya a ce huhunta ya gaza. Waɗannan ayyuka sun fi magana cin iska nesa ba kusa ba. Abin da na fahimta shi ne iskar tana nan, yadda kike ɗibarta da yadda kike kashe ta a aji ne ke da gyara. Wannan kuwa abu ne da ake koyo.

Huhu ba shi da tsokar da zai buɗe kansa da ita. Nama ne mai taushi, mai miƙewa ya koma, yana zaune cikin haƙarƙari guda 12 ta kowane gefe. Na dama kashi uku ne, na hagu kashi biyu, saboda zuciya ta ci masa wuri. Iska tana bi ta hanci ko baki, ta wuce maƙwallato, ta gangara bututun maƙogwaro mai tsawon santimita 10 zuwa 12, ya rabu biyu, kowane reshe ya yi ta rarrabuwa har ya ƙare a 'yan mitsi-mitsin jakunkuna da suka haura miliyan 300. A nan ne jini yake karɓar iskar da yake buƙata, ya sauke wadda ya gama da ita. To wa ke buɗe huhun? Ƙirji ne. Akwai siririn mayafi mai ninki biyu, ɗaya ya lulluɓe huhu, ɗaya ya manne a bangon ƙirji ta ciki, da ɗan ruwa a tsakaninsu, saboda haka duk inda bangon ya tafi huhu yana biye. A ƙarƙashin huhun kuma akwai wata faffaɗar tsoka da ta raba ƙirji da ciki, likitoci suna kiranta dayafaram. Idan tana hutawa a tashe take zuwa sama. Idan ta ɗaure sai ta sauko, ta tura kayan ciki ƙasa da gaba, shi ya sa cikin mutum yake ɗan tasowa idan ya shaƙi iska. Tsokokin da ke tsakanin haƙarƙari su kuma su ɗaga su su buɗe gefe. Wuri ya faɗaɗa, matsin iskar ciki ya yi ƙasa da na waje, iska ta kwararo da kanta.

Yanzu ga lissafin, domin shi zai kwantar miki da hankali. Baligin namiji matsakaici, idan ya cika huhunsa fal, yana riƙe da kusan lita 6 na iska. Mace kusan lita 4 da ɗoriya. A cikin wannan akwai lita ɗaya da ɗan wani abu da ba ta fita ko da mutum zai matse kansa iya ƙarfinsa, ita ce ke hana huhun mannewa. Abin da ya rage, wato iskar da za ki iya fitarwa daga cikar huhu zuwa iyakar matsewa, shi ne hannun jarinki, kuma ga mace yakan kai lita 3 ko kusa da haka. Amma kina zaune kina karanta wannan amsa, abin da ke shiga yana fita a kowane numfashi bai wuce rabin lita ba, sau 12 zuwa 20 a minti ɗaya. Hira ta yau da kullum takan ci kamar kashi ɗaya cikin biyar na hannun jarin nan a kowace shaƙa. Sauran yana ajiye ba a taɓa shi ba.

Abokiyar aikinki ta faɗi rabin gaskiya. Tsawon mutum yana da alaƙa da girman huhunsa, kuma an daɗe da sanin haka. A shekarar 1846 wani likitan Ingila mai suna John Hutchinson ya fitar da sakamakon awon numfashin sama da mutum 2,000 da wata na'ura da ya ƙera, ya nuna cewa dogo ya fi gajere iska. Jikar wannan na'urar ce ake hurawa a asibiti har yau, ana kiran awon sifirometiri. Sai dai gajeren mutum jikinsa ma bai kai na dogo buƙata ba, an yi masa huhu daidai da shi. Kuma huhu yana gama girma ne tsakanin shekara 20 zuwa 25, bayan nan babu balan-balan ɗin da zai ƙara masa faɗi. Hurawar za ta ɗan ƙarfafa tsokokin turo iska, amma ba a nan gizo ke saƙar ba. Ina ma tsoron ta ƙara koya miki yunƙuri da ɗaure wuya, abin da muke so ki rabu da shi.

Idan kina son shaida da idonki, ɗauki kofin gilashi ki zuba ruwa, ki samo bututun robar nan da ake shan lemo da shi, ki nutsa bakinsa santimita 5 a cikin ruwan. Ki hura a hankali har kumfa ta fara fitowa, ki riƙe ta tana fita ba yankewa tsawon daƙiƙa 5. Masu gyaran magana suna amfani da wannan gwajin tun shekarun 1980. Wanda ya iya shi yana da ƙarfin iskar da ake buƙata don magana, domin matsin da ke kaɗa murya a hira bai wuce nauyin ruwa mai zurfin santimita 5 zuwa 10 ba. Gwaji na biyu: ki shaƙa sosai, ki ja "aaa" da muryarki ta kullum, wani ya duba miki agogo. Mace mai lafiya takan kai daƙiƙa 15 zuwa 25. Idan kin gwada sau uku kin kasa kai 10, ki riƙe wannan, za mu dawo kansa a maganar asibiti.

To me ya sa iskar take ƙare miki a aji? Saboda numfashin magana daban yake da numfashin zama. A zaune shiru, shaƙa takan ci kashi 40 cikin 100 na lokacin, fitarwa kashi 60, kuma fitarwar ba ta buƙatar ƙarfi ko kaɗan. Da kin buɗe baki za ki yi magana sai lissafin ya juye: shaƙa ta koma kamar kashi 10, cikin gaggawa, fitarwa ta koma kashi 90, a hankali, da matsi iri ɗaya daga farkon jimla zuwa ƙarshenta. Wannan jan fitarwar shi ne gwanintar.

Balan-balan ɗin abokiyar aikinki zai yi mana amfani a nan, amma don misali. Idan yaro ya hura shi ya cika, ba sai ya matse shi ba, da kansa yake neman komawa, kuma da ƙarfi. Idan yaron ya ja bakinsa ya tsuke, sai ya yi ta ƙara. Yayin da iskar ke raguwa ƙarfin komawar yana raguwa, har a kai inda sai an sa hannu an matse kafin wani abu ya fito. Haka ƙirjinki yake. Idan kin shaƙa da kyau, ƙirji da huhu suna turo iskar kyauta, har ma sai tsokokin shaƙa sun ɗan riƙe kada ta fice gaba ɗaya. Daga nan turawar tana raguwa har a iso matakin hutu, inda numfashinki yake tsayawa idan kin saki jiki. A tsaye, wannan matakin yana wajen kashi 35 zuwa 40 cikin 100 na hannun jarin nan. Ƙasa da shi babu kyauta kuma, duk kalmar da za ta fito sai tsoka ta matso ta, kuma ƙirjin ma ja yake yi yana neman buɗewa.

An auna wannan da na'ura, ba hasashe ba ne. A 1959 wasu masana uku a Jami'ar Edinbara, Draper da Ladefoged da Whitteridge, sun bi diddigin tsokokin haƙarƙari yayin da mutum ke magana, suka ga yadda masu shaƙa ke riƙewa a farko, masu turowa su karɓa daga baya. Shi Peter Ladefoged ɗin ya koyar a Ibadan a daidai wannan lokaci, ya kuma yi nazarin sautukan harsunan Afirka ta Yamma. A shekarun 1970 Thomas Hixon da abokan aikinsa a Amurka suka ƙara da cewa tsokokin ciki suna aiki tun daga farkon magana, suna ɗan riƙe cikin, ta yadda dayafaram za ta kasance a shirye ta fizgo iska cikin ƙiftawar ido. Daga irin waɗannan nazarce-nazarce aka san cewa mai hira yakan fara magana da huhu a cike kashi 50 zuwa 60 cikin 100, ya tsaya kusa da matakin hutu, mai ɗaga murya kuma yakan fara daga 60 zuwa 80. Wanda ya fi shafarki shi ne binciken da aka buga a 2008 daga Jami'ar Arizona, inda aka kwatanta malaman makaranta masu matsalar murya da waɗanda ba su da ita. Masu matsalar, idan suna koyarwa, suna fara magana da iska kaɗan, suna kuma ƙarewa can ƙasa fiye da sauran.

Ina kyautata zaton hotonki ke nan. Kina son yaran baya su ji, ga hayaniya, ga tsoron in kin yi shiru na daƙiƙa ɗaya ajin zai ɓarke. Sai ki ɗan tsinci iska sama-sama, ki ɗauko doguwar jimla da babbar murya, ki wuce matakin hutu kina ci gaba. Idan turawar ƙasa ta yi rauni jiki ba ya tsayawa, sai ya nemi ƙarar ta wani wuri, wato ya matse maƙogwaro. A cikin maƙwallato akwai tantani guda biyu masu samar da murya, kin san su tun darasin tsarin sauti a kwalejin ilimi, tsawonsu a wajen mace bai kai santimita 2 ba. Iskar huhu ce ke kaɗa su, suna haɗuwa suna rabuwa kusan sau 200 a daƙiƙa ɗaya a muryar mace. Ki lissafa: awa ɗaya ta tsantsar murya, haɗuwa 720,000 ke nan. Idan a sake suke, da isasshiyar iska a ƙarƙashinsu, suna jurewa. Idan an matse su ana buga su da ƙarfi, kafin tara sun fara kumbura, kumburarren tantani kuma ba ya rufewa da kyau, iska tana zurarewa ta tsakani a banza. Sai numfashin ya ƙara saurin ƙarewa, ke kuma ki ƙara matsewa. Shi ya sa Alhamis ta fi Litinin muni, hutun ƙarshen mako ya ɗan sassauta, a sake komawa.

Harshenmu yana da hanyar da za ki ji wannan matsewar da kanki. Ki riƙe numfashi, ki furta ƙ, ƙ, ƙ ko ts, ts, ts ba tare da wasali ba. Za su fito tsaf, domin irin wannan sauti, da ake kira tunkuɗau, ba ya amfani da iskar huhu, maƙwallato ne ke rufewa ya yi sama ya tunkuɗo 'yar iskar da ke samansa. Ki ɗora yatsa a maƙogwaro ki ji yadda yake ɗaurewa ya hau. Wannan ɗaurewar ta ɗan lokaci ce, daidai take a wurinta. Amma idan kika ji irinta ta zauna miki tun daga farkon jimla har ƙarshe alhali kina koyarwa, to maƙogwaro ya karɓi aikin ƙirji.

Ciwon wuya da kafaɗa ma daga nan yake. Akwai tsokoki a wuya da ke iya ɗaga saman ƙirji, an tanade su don lokacin gudu ko tsananin buƙata. Mai shaƙa da kafaɗa yana sa su aiki ɗaruruwan lokuta a yini, ga iskar da suke kawowa kaɗan ce, ga su kewaye da maƙwallato suna ƙara ɗaure shi. Ki tsaya gaban madubi ki karanta wani abu da ƙarfi. Idan kafaɗunki suna hawa da sauka a kowace shaƙa, kin ga abin da idonki.

Gyaran yana farawa a gida, minti 10 da safe ko bayan isha'i. Ki kwanta rigingine, hannu ɗaya a kan cibiya, ɗaya a ƙirji, ki bar numfashi ya yi abinsa. Za ki ji na cibiya ne ke tashi. Kada ki daɗe a wannan matakin, domin ba a kwance kike koyarwa ba, kuma aikin tsokokin yana canzawa idan an miƙe. Da kin gane yadda abin yake a jiki, ki tashi tsaye, ki dafa ƙananan haƙarƙarinki ta gefe da tafin hannu biyu, ki shaƙa har ki ji sun ture hannuwanki, kafaɗa tana wurinta. Sannan ki saki iskar da "sss" siririya, mai ƙarfi ɗaya daga farko zuwa ƙarshe, daƙiƙa 10, daga baya 15. Ba gasar tsawo ake yi ba. Abin nema shi ne kada ta fashe da ƙarfi a farko ta mutu a ƙarshe, kuma ki tsaya tun da sauran iska. Idan kin ji jiri, kin yi yawa, ki huta. Bayan "sss" ki koma "zzz", sannan ƙirga: ɗaya zuwa biyar, ki saki ciki iska ta faɗo, shida zuwa goma, haka dai. Sakin cikin nan shi ne sirrin shaƙa mai sauri. Mata da yawa sun saba da tsuke ciki ko ɗaure zani tamau a kan cibiya, musamman bayan haihuwa. A ranakun aiki ki sassauta ɗaurin.

Sai abin da na fi ba wa muhimmanci, wato inda za ki tsaya. Ki dubi alarammomi. Mai karatun Alƙur'ani ba ya jira sai iska ta ƙare masa kafin ya tsaya, ya san wuraren waƙafi tun kafin ya iso su, yana auna numfashinsa da tsawon ayar da maddodin da ke cikinta. Ki yi wa darasinki haka. Ki ɗauki littafin da za ki karanta wa yara gobe, ki sa 'yar alama da fensir duk bayan kalma shida zuwa takwas, a inda ma'ana ta ba da dama. Ki karanta a bayyane, ki shaƙa a kowace alama ko da kina jin ba ki buƙata. Da farko za ki ji kamar kina jan magana. Ba haka yaran za su ji ba. Ɗan aji uku ya fi kama gajeriyar jimla mai ɗan shiru a bayanta fiye da doguwa wadda ƙarshenta ya nutse, kuma sau da yawa a ƙarshen ne muhimmiyar kalmar take. Idan za ki ɗaga murya, ki ƙara yawan iskar da kike shaƙa kafin ki fara, kada ki ƙara matse wuya.

Bututun lemon nan ma kada ki yar. Ki nutsa shi santimita 2 ko 3 a ruwa, ki riƙa yin "uuu" ta cikinsa a hankali kumfa tana tashi, muryar tana hawa tana sauka, minti biyu ko uku, kafin ki shiga aji da lokacin tara da bayan an tashi. Iskar da ke komawa baya tana ɗan raba tantanin biyu, ta rage musu ƙarfin bugun juna. Masu gyaran murya suna yawan ba malamai da mawaƙa wannan aikin.

Duk da haka, babu gwanintar numfashin da za ta rinjayi yara 90 suna surutu. Tun 1911 wani likitan Faransa, Étienne Lombard, ya nuna cewa mutum yana ɗaga murya ba da saninsa ba duk lokacin da hayaniya ta ƙaru. Don haka kada ki yi gasa da su. Ki sa wata alama ta yin shiru da ba ta buƙatar murya, tafi uku ko 'yar ƙararrawa, ki jira sai sun nutsu. Kada ki yi magana kina fuskantar allo. Ki riƙa shiga tsakiyar aji, domin sauti yana raunana sosai da nisa, taku biyar zuwa cikin layi ya fi ihu amfani. Abin da za a maimaita da ƙarfi, ki sa monita ko wani mai zaƙin murya ya ja, sauran su amsa. Ki tsara darasi yadda bayan bayanin minti 10 za a yi rubutu ko aikin allo, muryarki ta samu hutu. Lokacin tara kuma ki yi shiru na gaske, ba hira a ofishin malamai ba. Raɗa ba hutu ba ce, tana iya gajiyar da maƙogwaro ita ma. Yawan gyaran murya da kakari bugun tantanin ne, ki maye shi da kurɓar ruwa.

Zumar surukarki ki karɓa ki gode, tana sanyaya maƙoshi, kuma kulawa ce. Amma ki sani duk abin da aka haɗiye ba ya taɓa tantanin murya. Hanyar abinci daban, hanyar iska daban, akwai murfin da ke rufe ta iska a duk haɗiya, in kuwa wani abu ya ɓata hanya ya shiga, shi ne ƙwarewa. Ɗanyen ƙwai ba ya gyara murya, yana kuma iya jawo ciwon ciki da gudawa, gara a dafa miki shi. Abin da ke isa wurin shi ne ruwan da ya bi jini, da tururin da aka shaƙa. Ki ajiye gorar ruwa a teburinki kina kurɓa. Da azumi ki rarraba shan ruwa daga buɗa-baki zuwa sahur. Tururin ruwan zafi zalla, ba tare da an zuba komai ba, minti biyar da yamma, yana taimakawa, balle da hunturu, lokacin da busasshiyar iska ke ɗauko ƙura daga Sahara, musamman kwarin Bodele na ƙasar Cadi, ta sauke mana. A wannan lokacin ki sa takunkumi a hanya, in ba magana kike ba ki rufe baki ki shaƙa ta hanci, shi ne ke tace iska ya jiƙa ta. Ki goge allo da jiƙaƙƙen tsumma. Hayaƙin itace da turaren wuta a rufaffen ɗaki su ma suna ƙona hanyar iska, ki buɗe taga. Idan kina fama da ƙwannafi, shi ma yana dishe murya, ki daina kwanciya da an gama cin tuwon dare.

Yanzu maganar asibiti, kuma ina so ki ɗauke ta da gaske. Duk bayanin da na yi na gina shi ne a kan abin da kika rubuto, ban ga maƙogwaronki ba. Dishewar da ta kai mako huɗu ba ta washe ba, ko wadda take dawowa duk mako kamar taki, tana buƙatar likitan kunne da hanci da maƙogwaro ya leƙa da na'ura. Malamai sukan samu 'yan ƙulluttai a kan tantanin saboda yawan bugu, kuma idan an gano da wuri galibi horon murya ne maganinsu, ba tiyata ba. A Kano akwai wannan sashe a Asibitin Koyarwa na Aminu Kano, a Kaduna kuma akwai Cibiyar Kula da Kunne ta Ƙasa. Ki tambaya ko akwai mai gyaran magana da za a haɗa ku. Ki roƙi a auna jininki, domin ƙarancin jini ya yi yawa a tsakanin matanmu kuma yana kawo saurin gajiya da ɗaukewar numfashi. Idan kina da juna biyu ki faɗa, ciki yana tura dayafaram sama kusan santimita 4, numfashin magana yakan gajarta har a haihu. Idan kuma kin fara jin ƙirji yana kuka ko yana ɗaurewa da dare ko cikin ƙura, a duba asma, a nan awon sifirometiri zai yi amfani. Tarin da ya wuce mako biyu, zufar dare, rama, ko jini a kaki, wannan ba na jira ba ne, a gwada tarin fuka, gwajin da maganin kyauta ne a cibiyoyin gwamnati, ga kuma yara 90 da kike shaƙar iska ɗaya da su. Kumburi a gaban wuya, wahalar haɗiya, kumburin ƙafa, ko kasa kwanciya sai an tara matasai, duk ki gaya wa likita a ranar.

Shi kuma maigida, tausayinki ne ya sa ya faɗi haka, ki fara da yi masa godiya. Ki nuna masa cewa wannan lalurar sana'a ce sananniya. Wani babban bincike da aka buga a Amurka a 2004 ya samu kusan malamai 58 cikin 100 sun taɓa fama da matsalar murya, alhali a cikin waɗanda ba malamai ba 29 ne. Ki nemi ya ba ki zango ɗaya na karatu ki gwada abin da na lissafa, ya kuma raka ki asibiti. Idan yana son ya taimaka da aljihunsa, akwai 'yar lasifikar da ake ratayawa a ƙugu, mai makirfo a gefen baki, irin ta masu tallan magani a kasuwa, ana cajinta kamar waya. An gwada ta a kan malamai masu matsalar murya an ga tana rage musu wahala ƙwarai. Ki sanar da hedimasta kafin ki fara shiga aji da ita, ki kuma roƙe shi ya ɗauke miki jan taron asambuli da tsawatar da yara a fili har muryar ta dawo. Bayan mako shida ki sake gwajin "aaa" ɗin nan, ki rubuto mini daƙiƙa nawa kika samu da abin da likita ya gani. Allah ya ƙara lafiya, ya yi wa aikin albarka.